Tauraron da Kofur Dabo Ya Rataya a Taga

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, sai dai wannan karon Dabo ya riga ni, shi da bai taɓa riga ni komai ba tun muna yara. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Dabo Mai Gwanjo, wanda duk Illela ta sani da Kofur, bayan gajeruwar jinya ta ciwon ƙirji. An yi masa sutura bayan azahar. Mutanen Araba da na Gidan Katta sun zo, na Kwanni ma sun tsallako iyaka, har babura suka toshe layin.

Ni ce Kaltume, taubashiyarsa. Uwarsa ƙanwar ubana ce. Mun shekara saba'in yana ce mini baiwarsa ina ce masa bawana, ba wanda ya sallama. Washegarin rasuwar babban ɗansa Khalifa ya durƙusa a gabana ya ce, "Gwaggo, ke ɗai kinka rage cikin waɗanda sunka san Baba tun yana yawo ba wando. Ki rubuta muna wani abu a karanta ranar sadakar arba'in, a kuma sa shi a gurup na dangi." Na ce to. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, amma yana kai ni inda nake son zuwa. Malamai sun ce a riƙa ambaton alherin mamaci. Da shi zan fara.

Dabo, da kai nake.

Kai ɗan kasuwa ne mai gaskiya. Dilar gwanjo kake sarowa daga Kwanni, ka kwance ta a bainar jama'a, mai huji ka ce mai huji ne. A cikin irin dilar nan ne wata shekara ka ci karo da wani tsohon kwat na soja, kore-kore, mai nauyin bargo, da maɓallan ƙarfe. Wani malamin makaranta ya duba ya ce maka irin na sojojin Amirka ne na yaƙin duniya na biyu. Ko gaskiya ya faɗa ko so yake ya rabu da kai, Allah Ya sani. Ba ka sayar da kwat ɗin ba. Ka sa shi a jiki, shi kuma ya shiga kanka bai sake fita ba.

Baffana, wanda kake kira Kawu, an kwashe shi an kai shi yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya a toshe, ya zauna a zauren gidanmu har ya mutu. Ba ka taɓa tsugunawa ka tambaye shi abin da ya gani ba. Amma Amirka, wadda ko taswirarta sai an juya maka daidai, ka san ranar da jiragen Japan suka far wa tashar jiragen ruwanta, ka san irin takalmin sojanta da abin da ke cikin gwangwanin abincinsa. Ka fara da rediyo da tsofaffin mujallu. Da wayar hannu ta zo, shi ke nan, aka rasa ka. Ka shiga wani gurup na tsofaffin Turawa marasa aikin yi irinka, masu sa kayan kakanninsu suna ɗaukar hoto, kana jefa musu Turancinka na kasuwa suna tafa maka.

Da a kan bindiga da jirgi ka tsaya, da mutanen gidanka sun huta. Abin da ya fi burge ka shi ne yadda waɗanda aka bari a gida suka rayu. Ka ji cewa a lokacin an ƙayyade wa kowane gida sukari da nama, sai ka sa wa kunun azumi doka: kowa cikin murfin kwalba ɗaya. Matarka Hajiya Zubaida ta koma ɓoye sukari a gwangwanin kanwa, kai kuma kana yabon kunun kana cewa ka ga, ɗan kaɗan ma ya isa. Ka ji suna tara kitse a kai wa hukuma a yi albarushi, sai ka tara kitsen layya a gwangwanaye har kiyashi ya kafa gari a madafa. Na tambaye ka wa za mu harba, ka ce ba a sani ba tukuna.

Sai baƙin labule. Ka ce Amirkawa suna rufe tagogi don kada jirgin abokan gaba ya hango haske. Ka sayo baƙin yadi ka sa aka rataya a kowane ɗaki. Zubaida ta ce, "Alhaji, wace wuta za su gani? Rabonmu da ita tun kafin salla." Ka ce soja ba ya jira sai an kawo wuta ya fara shiri.

Sunan Kofur ma ai ba a banza ka same shi ba. Cikin zafin bazara, lokacin da ƙadangare ma yake neman inuwa, ka saka kwat ɗin nan da hular kwano ka hau babur za ka Kwanni. Jandarma ya tsayar da kai, ya kalle ka sama da ƙasa, ya danne dariya ya sara maka, ya tambaye ka muƙaminka. Kana da damar ka ce janar. Tsoro ya sa ka ce kofur. Masu canji da ke zaune a bakin hanya suka ji, kafin ka dawo sunan ya riga ka isa gida. Hular kwanon kuwa, daga baya kajin Zubaida ne suka gaje ta, a ciki suke shan ruwa.

Mun yi maka dariya, ni ce a gaba. Amma ga abin da zan rubuta da zuciya ɗaya. Shekarar da aka fara rufe boda, Illela ta zama kamar gidan makoki. Ba mota, ba kaya, masu canji suna korar ƙuda. Kai kaɗai na gani kana tafe fuska a sake, don yaƙin da ka daɗe kana jira ya iso. Ka buɗe rumbunka. Lambun nan naka na Gidan Katta, wanda ka sa wa suna lambun nasara muna ta yi maka ba'a, shi ya ciyar da layinmu da kabewa da alayyafo da albasa. Ka yanka kwalin sabulu ka yi wa kowane gida kati, mai kati ya zo ya karɓi tiyar gero. Gidanka ma kati ɗaya ka ba shi, ba ka ƙara wa kanka ko cikin ludayi ba. Matan da mazansu suka mutu, da waɗanda mazansu suka gudu saboda kunya, duk sun ci. Ba ka taɓa goranta wa kowa ba. Allah Ya sa ka tarar da wannan geron a can.

Rufe bodar nan ce ta fitar da autanka Faruk daga gari. Jigilar kaya yake yi a babur tsakanin Illela da Kwanni, hanya ta mutu, ga sabon aure. Matarsa Na'ima jikata ce, 'yar marigayiya 'yata, a ɗakina ta tashi. Su suka ga juna suka ce suna so, ba wanda ya tura su. Ba su cika shekara ba ya bi samari zuwa haƙar zinari a hamada, can gaba da Agadas. Da fari yana kira. Daga baya kiran ya ja baya. Sai wayar ta daina shiga gaba ɗaya.

A nan ka fito da tauraro. Ka tara mu a tsakar gida, har da ni da na zo gaisuwa, ka yi mana karatu. Ka ce a Amirka lokacin yaƙi, duk gidan da ɗansu ke bakin daga sukan rataya farin ƙyalle mai jan baki a taga, da shuɗin tauraro a tsakiya. Mai wucewa ya gani ya san akwai wanda ake jira. In labari ya zo ɗan ya mutu, sai a ɗinka tauraro mai ruwan gwal, kowa ya san jira ya ƙare, a shigo a yi wa uwa da mata gaisuwa. Ka maimaita mana har sai da muka haddace kamar karatun allo: shuɗi yana da rai, ruwan gwal ya rasu.

Na ce, "Kofur, Faruk ba yaƙi ya tafi ba."

Ka ce, "Neman abinci yaƙi ne, baiwata. Ke dai ba ki taɓa zuwa ba."

Na'ima ce ta ɗinka shi da hannunta, don ta iya allura, ni na koya mata. Aka rataya shi a tagar turakarka mai kallon tsakar gida, ɗakin nan da ka tara kayan Amirkarka kake kullewa, wanda ko shara kai kake yi da kanka. Ba zan yi maka ƙarya ba, da fari ƙyallen ya yi amfani. In Zubaida ta fito da safe ta gan shi, sai ta iya hura wuta. Duk unguwa ta san ma'anarsa, don ba ka bar kowa ya wuce ba tare da ka yi masa bayani ba.

Ni sana'ata sayar da zare da allura da maɓalli a gida. Cikin shekara ta uku da tafiyar Faruk, wata Lahadi ana cin kasuwa, ka yi sallama a ƙofata da la'asar. Ka ce in ba ka zare ruwan ɗorawa da allura mai babban hanci. Na ce, "Kofur, ɗinkin hula za ka koya da tsufanka, ko budurwa ka yi?" Ba ka rama ba. Tun muna yara ban taɓa jefa maka magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Idonka ya yi ja, na tambaya, ka ce mura. Ka miƙo kuɗi na ce ba na karɓar kuɗin bawana. Ka sa zaren a aljihu ka fita. Na bi bayanka da dariya, na manta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na'ima ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Ƙawayenta da aka kai ɗaki bayanta suna goye da na biyu, wasu na uku. Ta daina zuwa suna, don ko'ina ta zauna sai wata ta rage murya ta ce har yanzu shiru? Ta daina lalle, don ba ta san wa za ta yi wa ba. Zubaida kuwa kowace layya sai ta soya cinya guda ta zuba a kwalla ta rufe, ta ce ta Faruk ce, yana son suyarta. Naman ya yi wata da watanni har ya yi fari, ta zubar a ɓoye, wata shekara ta sake soyawa.

Kai kuma kana kan tabarma da yamma kana ba su labari. Matar da aka ce mijinta ya nutse a teku, ashe yana tsare a hannun abokan gaba, ya dawo bayan yaƙi ya tarar da ita tana jira. Matan da suka shiga masana'anta suna ƙera jirgi ba su taɓa kuka ba. Matan da suka rasa safa suka riƙa zana layi da jagira a bayan ƙafa don a zaci sun sa. Kullum da sabon labari, kuma a kowanne mijin yana dawowa. Ka sa wa Na'ima suna sojan gida. Ka tsayar da ita gefen tagar da hijabinta ka ɗauki hoto ka aika wa Turawanka, ka zo kana fassara mata abin da suka rubuto: sun ce irinta sun ƙare a ƙasarsu. Ta yi murmushi don kunyarka. Ƙyallen ya yi ƙura, jan bakinsa ya koɗe, ta ce, "Baba, in sauke shi in wanke?" Ka ce ba a sauke tuta ana cikin yaƙi.

Shekara ta biyar sai ga Mukhtari mai canji, wanda ke juya naira da sefa a bakin iyaka. Mutum ne mai nutsuwa, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Bai yi wa yarinya magana a hanya ba, manyansa ya turo wurina. Na je na tambayi liman, ya ce matar da mijinta ya ɓace tana da hanyar zuwa gaban alƙali. Na yafa mayafi na zo gidanka. Na same ka a tsakar gida kana goge maɓallan kwat.

Na ce, "Dabo, yau ba wasa ya kawo ni ba."

Ka ce, "To, ashe duniya ta zo ƙarshe."

Na faɗa maka komai. Na ce yarinyar nan tana tsufa a tsaye. Na ce in Faruk yana da rai, ai ya san hanyar gida. Na ce ka sake ta da bakinka a matsayin uba, kada a kai ga kotu tsakanin dangi.

Ka nuna mini taga da haɓa. "Dubi can. Mi kinka gani?"

"Tsumma."

"Wane launi?"

"Shuɗi."

"To ɗana na da rai."

Sai ka ɗaga murya ka kira ta. Ta zo ta durƙusa, hannunta duk kullun tuwo. Ba ka yi faɗa ba, ai ba ka iya faɗa ba, da ka iya da an fi samun sauƙinka. A hankali ka ce, "Na'ima, kin taɓa kwana da yunwa gidanga?" Ta ce a'a, Baba. "An taɓa hana ki sabulu ko zane?" Ta ce a'a, Baba. Ka ce, "To in Faruk ya shigo gobe da ƙura a kai, ya ce Baba ina amanata, in ce mishi mi?" Zubaida ta fashe da kuka daga madafa. Yarinya ta kifa kai a gwiwa ta ce, "Ba ni zuwa ko'ina, Baba." Ka juyo ka kalle ni kana murmushi kamar ka ci ni a dara. Ka ce, "Kin ji sojan gida."

Mukhtari ya jira har aka yi girbi, ya ƙara jira. Daga baya manyansa suka samo masa wata a Araba. Motocin kai amarya ta ƙofar gidanka suka bi suna oda, Na'ima tana tsakar gida tana tankaɗe. Matar yanzu tana da goyo.

Ranar sadakar ukunka, wani direba mai suna Isa, mutumin Tawa, ya zo gaisuwa. Shi ke jigilar ruwa da mutane zuwa wuraren haƙar zinari, shekarunsa da dama bai leƙo Illela ba, a tasha ya ji rasuwarka. Ya zauna cikin maza, aka shafa fatiha, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Shi jiƙan Alhaji, Shi haɗa shi da ɗanai Faruk a Aljanna."

Waɗanda ke wurin sun ce har mai raba goro sai da ya tsaya. Khalifa ya ce, "Wane Faruk?"

Direba ya ce, "Ƙanenka mana, wanda rami ya rufta da shi. Ni na yi mai wanka da hannuna, mu uku munka sa shi kabari. Na zo har shago na gaya ma Alhaji, ranar kasuwa ce, an fi shekara uku. Ya ba ni goro, ya ce in yi shiru, shi za ya gaya ma mata da kainai."

Labarin ya riga butar shayi shigowa cikin gida. Khalifa ya ja mutumin gefe, ya dawo ya ce direba ya ruɗe ne, wani Faruk ɗin ne, Baba ba zai taɓa yin haka ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma a ranar na so in yarda da shi.

Ranar bakwai aka ciro makulli daga aljihun kwat ɗinka don a fitar da tufafin sadaka. Ni na buɗe turakar, Zubaida tana bayana da fararen kayan takabarta, Na'ima tana riƙe da tsintsiya. Ga gwangwanaye a jere, ga gorar ruwan soja, ga wani tsohon rediyo mai kama da akwati da bai taɓa magana ba. Na buɗe baki zan ce dubi dukiyar da Kofur ya bar mana, sai na ɗaga kai na ga tagar daga ciki.

Dabo, ruwan gwal ne.

A bayan ƙyallen, ta fuskar da ke kallon gadonka, ka ɗinka wani tauraro da zare ruwan ɗorawa. Ɗinkin namiji, a karkace, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Tsakanin fuska biyun ka sa ƙyallen baƙin labule don kada rana ta haska shi a gani daga tsakar gida. Duk shekarun da labulen nan ya yi a gidanka, abin da ya taɓa ɓoyewa ke nan. Zaren kuwa ba sai an gaya mini ba, na san kayana. A ƙarƙashin tagar ga darduma, wurin goshi ya cinye har ya huje.

Ashe ka yi kuka. Ashe kullum kana rufe ƙofa ka yi wa ɗanka addu'ar mamaci, ka share ido, ka fito ka zauna a tabarma ka ba uwarsa labarin sojan da ya dawo. Kai da ka raba gero daidai wa daida, kai da ba ka taɓa ƙara wa kanka murfin sukari ba, mutuwar ɗa guda ka kulle ɗaki ka cinye ta kai kaɗai. Ba ka yanka wa uwarsa kati ba. Ba ka yanka wa matarsa ba.

Zubaida ba ta yi kuka ba. Ta fita, ta dawo rungume da kwallar naman layyar da ta wuce, ta zauna a kan dardumar ta ɗora ta a cinya, ta yi ta kallon tagar. Na'ima ta jingina tsintsiya da bango ta ce, "Kaka, ashe shi ya sa bai bari in wanke ta ba." Abin da ta faɗa ke nan, har yau ba ta ƙara ba.

Na koma wurin liman. Ya ce in mutuwar ta tabbata, takaba daga ranar rasuwa take farawa, ba daga ranar da aka ji ba. Ke nan tata ta ƙare tun tuni ba ta sani ba. Ranar da ta durƙusa a gabanka tana cewa ba ta zuwa ko'ina, ba ta da miji a duniya, kuma kai ka sani. Ranar da motocin Mukhtari suka wuce, ka sani.

Khalifa ya same ni da yamma. Ya ce, "Gwaggo, ki rufa muna asiri. Ki ba ni ƙyallen in ƙone. A bari a shekara, ƙura ta lafa, sai mu ce yanzu labari ya zo."

Na ce, "Wata shekarar kuma?"

Ya ce, "Sunan Baba, Gwaggo."

Na ce, "Sunan Babanka ba ya tsufa, ɗana. Jikata ce ke tsufa." Ƙyallen kuwa tun da rana yana cikin lalitata.

Khalifa, ka ce in rubuta alheri, na rubuta, ba ƙari ba ragi. Sauran kuma dole ce ta sa. In aka rufe maganar nan, Na'ima za ta ci gaba da zama matar wanda ya ɓace, ba mai sallama a kanta, kuma Faruk zai ci gaba da kwanciya a rairayi ba wanda ya taɓa ce wa uwarsa sannu. Isa direba ya yarda zai dawo da ɗaya daga cikin waɗanda suka yi jana'izar, su tsaya gaban alƙali. Ka zo ka tsaya tare da su. Ƙanenka ne.

Dabo, ban san abin da ya hana ka magana ba. Wataƙila ka ce gobe, goben ta yi ta gudu. Wataƙila ka ga in ka faɗa ya mutu da gaske. Wataƙila kuma wasan ne ya yi maka daɗi, ka samu uwa mai jira da mata mai jira da tauraro a taga, irin na cikin hotunanka, ka kasa rushewa. Wanda ya san amsar kana gabansa yanzu. Ba zan ce na yafe ba, don haƙƙin ba nawa ba ne, na mata biyu ne, kuma ban roƙe su ba. Amma kai ɗan gwaggona ne, tare muka ci ƙasa, kuma babu wanda zan sake tsokana a garin nan ya rama daidai da ni. Allah Ya gafarta maka. Allah Ya sa geron da ka raba ya rinjayi zaren da ka ɗinka. Allah Ya sassauta zukatan waɗanda ka bari, ko don kabarinka ya yi sanyi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zubaida, wadda ta rasa miji da ɗa a mako guda, ɗaya sabo ɗaya tsoho. Ina yi wa Khalifa da 'yan'uwansa, da dangi na Araba da Gidan Katta da Kwanni, da 'yan kasuwar gwanjo. Duk wanda ya iya Turanci ya shiga gurup ɗin nan ya gaya wa abokan Kofur ya rasu, ya kuma ce su cire hoton jikata. Ke kuma Na'ima, sannu. Allah Ya jiƙan mijinki. Wannan gaisuwar ta makara, amma ga ta a gaban jama'a.

Na'ima tana gidana yanzu, jiya na ƙunsa mata lalle ko tana so ko ba ta so. Ƙyallen yana rataye a ƙofar zaurena, ruwan gwal ɗin yana kallon titi. Ba sai na yi wa kowa bayani ba, Kofur, ai ka riga ka koya wa duk Illela karatunsa. Mai gaisuwa ya shigo. Mai wata maganar kuma ya turo manyansa.

Allah Ya jiƙan Faruk. Allah Ya jiƙanka. Shi ya riga ka, shi na fara sawa.

Hajiya Kaltume Mai Zare, Illela.